Kurakuran da 'yan takarar shugaban ƙasa ke maimaitawa wajen ɗaukar mataimaki

Duk zagayowar zaɓe sai an ga abu ɗaya. Mutum ya ci fidda gwani, daliget sun watse, shi kuma ya ɗauka aiki ya ƙare, saura kawai ya nuna wanda zai rufa masa baya. Alhali sashe na 142 na tsarin mulkin 1999 cewa ya yi takararka ba ta tsayu ba sai ka kawo mataimaki daga jam'iyyarka. Tikitin ɗaya ne, abin da ya ci shi ya ci ka.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne mantawa da wanda ya zo na biyu. Ana ta lissafin ƙuri'ar da mataimaki zai kawo, ba a lissafa wadda wanda aka tsallake zai tafi da ita, kuma sau da yawa ita ce ta fi yawa. A fidda gwanin PDP na Mayun 2022, Atiku Abubakar ya sami ƙuri'a 371, Nyesom Wike, gwamnan Ribas na lokacin, ya sami 237. Jam'iyya ta kafa kwamitin duba mataimaki, kuma Samuel Ortom, gwamnan Binuwai na lokacin, ya fito fili ya ce mutum 14 cikin 17 Wike suka zaɓa. Ranar 16 ga Yuni aka sanar da Ifeanyi Okowa, gwamnan Delta na lokacin. Ba laifi ba ne ɗan takara ya ƙi mutumin da yake ganin ba za su zauna inuwa ɗaya ba, haƙƙinsa ne. Laifin shi ne a tara dattawa su kaɗa ƙuri'a, labari ya fita, sannan a yi watsi da shi. Wannan ai ka tozarta mutum ne gaban jama'arsa. Gwamnoni biyar suka ja daga, na Ribas da Oyo da Binuwai da Abiya da Enugu, kuma a Fabrairun 2023 ko ɗaya daga jihohin nan Atiku bai ci ba. Tinubu ya sami ƙuri'a miliyan 8.79, Atiku miliyan 6.98.

Maganin da nake bayarwa ba kowa ke yarda da shi ba. Cikin kwana biyu da kammala fidda gwani, ka taka da ƙafarka zuwa gidan wanda ya zo na biyu. Ban ce ka tura tawaga ba. In ba shi za ka ɗauka ba, ya ji daga bakinka kafin ya ji a rediyo, kuma ka je da abu a hannu: shugabancin jam'iyya ga shiyyarsa, ko jagorancin kamfe, ko kason ministoci da aka faɗa gaban shaidu. Gwamnonin nan biyar abin da suka riƙe ke nan, cewa ɗan takara da shugaban jam'iyya Iyorchia Ayu duk 'yan Arewa ne, aka ƙi motsawa. Kwamiti kuwa, in dole sai an kafa, ya kawo sunaye uku ba tare da kaɗa ƙuri'a ba, don ƙuri'ar sirri ba ta kwana a siyasar ƙasar nan.

Na biyu shi ne takardu, kuma nan ne sakaci ya fi ba da haushi, don aikin mako ɗaya ne. Haba, mutum ya kashe abin da ya kashe wajen daliget, amma ya kasa sa lauya ya karanta satifiket biyar? Darasin yana Bayelsa. David Lyon na APC ya ci zaɓen gwamna a Nuwamban 2019. Ranar 13 ga Fabrairun 2020, ana gobe rantsarwa, Kotun Ƙoli ta rushe nasarar saboda sunayen da ke takardun mataimakinsa sun saɓa wa juna. Nasa takardun ba a same su da komai ba, amma Douye Diri na PDP aka rantsar. Kafin a cike fom EC9, wato fom ɗin bayanan ɗan takara na hukumar zaɓe, a jera takardar firamare da ta sakandare da digiri da ta bautar ƙasa da shaidar haihuwa a tebur guda, a bi suna harafi bayan harafi. Duk inda suna ya canza, a nemi takardar rantsuwa da sanarwar jarida, a kuma rubuta wa makarantun su tabbatar. Lauyoyi biyu da ba sa aiki tare su duba, kowa daban. Sharuɗɗan mataimaki su ne na shugaba: haifaffen ɗan ƙasa, shekara 35, ɗan jam'iyya, ilimin sakandare aƙalla.

In wanda za ka ɗauka yana riƙe da wani tikitin, ya ajiye tukuna, da wasiƙa mai kwanan wata da hatimin karɓa. Kashim Shettima yana da tikitin sanatan Borno ta Tsakiya kafin Tinubu ya ɗauke shi mataimaki, kuma ƙarar da PDP ta kai kan haka sai 26 ga Mayun 2023 Kotun Ƙoli ta kore ta, saura kwana uku rantsarwa.

Ɗan riƙon ƙwarya, wato wanda ake sa sunansa kafin a samo mataimaki na gaske, irin Ibrahim Masari da Doyin Okupe a 2022, Dokar Zaɓe ta 2022 ba ta san da shi ba. Suna ba ya fita sai da mutuwa ko janyewa don raɗin kai, don haka kar a sa wanda zai iya ganin kujera ya maƙale.

A daina ɗauka cewa mataimaki zai zo da jiharsa a aljihu. Peter Obi ne ya ci Delta ta Okowa, Atiku kuma ya ci Kaduna ta Datti Baba-Ahmed, mataimakin Obi.

Tikitin Musulmi da Musulmi ya ci a 1993 da 2023, amma wanda zai kwaikwaya ya fara ƙirga jihohi 24 da zai sami kashi 25 cikin ɗari, ba hayaniyar Facebook ba.

Sai masu neman mutum shiru-shiru wanda ba zai ɗaga kai ba, kamar dai safayar taya ce. Ba a korar mataimaki kamar minista. Da Obasanjo ya nemi raba Atiku da kujerarsa ta mataimakin shugaban ƙasa bayan Atikun ya koma jam'iyyar AC, Kotun Ƙoli ta ce a 2007 shugaba ba shi da wannan ikon, tsigewa aikin majalisa ne ƙarƙashin sashe na 143. A Disambar 2006 aka ɗauki Goodluck Jonathan ya rufa wa Umaru 'Yar'aduwa baya. 'Yar'aduwa ya rasu ranar 5 ga Mayun 2010, washegari aka rantsar da Jonathan, ya riƙe ƙasar har 2015.