Kada Masu Tarin Fuka Su Ɓace Maka Lokacin Annoba

Ni ce ke riƙe da rajistar masu tarin fuka a wani ƙaramin asibiti a Kano. Da aka sa dokar kulle a watan Afrilun 2020, sai da na yi makonni ban rubuta sabon suna ba. Masu tarin suna nan a gida, tsoro suke su zo a ce korona ce a killace su. Ba mu kaɗai ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce waɗanda aka gano suna da tarin fuka a duniya sun ragu daga miliyan 7.1 a 2019 zuwa miliyan 5.8 a 2020.

To abokin aiki, in wata annobar ta sake zuwa, ga abin yi.

Duk wanda ya shigo yana tari, ko gwajin annobar ya kawo shi, tambaye shi tun yaushe. In ya kai mako biyu, balle da gumin dare da rama, miƙa masa robar kaki, ya fita fili inda iska ke kaɗawa ya tofa a ciki kafin ya tafi. Wanda ka ce wa "dawo gobe", da wuya ka ƙara ganin ƙeyarsa.

Na'urar GeneXpert da ke gwada mana kaki ita aka ara don gwajin korona. Zauna da mai ɗakin gwaji tun da wuri, ku ware wa tarin fuka lokacinsa.

Waɗanda ke kan magani kuwa, ba su na wata guda ko biyu a hannu, ka karɓi lambar waya biyu, tasa da ta wani na gida, don wata shidan shan maganin ba a yanke ta. Ka kuma leƙa masu kemis na unguwa, wurinsu mai tari ke fara zuwa. Gaya musu gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne.

Sai rubutu, wanda kowa ke rainawa. Shigar da suna ranar da sakamako ya fito, ka tura rahoton wata uku-uku ko da mutum biyu ne a ciki, domin da shi ake lissafin maganin da za a aiko maka. A Nijeriya dai, saɓanin na duniya, adadin waɗanda aka gano suna da tarin fuka ƙaruwa ma ya yi a 2020, daga kimanin dubu 120 zuwa dubu 138.