Kurakuran Sababbin Masu Matsar Man Gyaɗa, Daga Bakin Wanda Ya Yi Asara

Duk kaka sai na ga sabuwar fuska a layinmu. Wani ya karɓi kuɗin sallama daga aiki, wata ta kwashi adashe, an sayi ɗan injin matsa, an kama shago. Kafin ruwan bazara ya sauka shagon yana rufe, inji yana jiran mai saye. Na gaji da yi wa mutane bayani ɗaya bayan ɗaya, kuma kurakuran ba sa canzawa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Babban abin da ke kashe sabon shiga shi ne gyaɗar da ba ta bushe ba. Ni kaina ita ta kusa tayar da ni daga sana'a. A shekarata ta 2 na shiga kasuwar ƙauye farkon kaka, na tarar da ɓararriyar gyaɗa tana arha, har ina yi wa kaina kirari wai na riga 'yan kasuwar hatsi ta Dawanau. Na zuba kusan duk jarina, buhu 40, na jibge su a ƙasan siminti, jikin bango, a ɗakin da ba taga. Bayan mako 6 na buɗe ƙofa, wani warin gumi ya buge ni. Buhunan ƙasa sun yi fumfuna, ƙwayar ta yi kore-kore, wadda ta tsira kuma ta rage nauyi, domin ashe ruwa na saya da kuɗin gyaɗa. Man da na matsa ya fito da kumfa da maƙaƙi, masu ƙosai biyu da ke saye a wurina suka dawo mini da jarkokinsu. Banza ba ta kai zomo kasuwa, ni ne ban tambayi dalilin arhar ba.

Asarar kuɗi ma da sauƙi. Fumfunar nan tana haifar da guba da ake kira afulatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta. An fara gano ta ne bayan 1960, lokacin da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Ku lura da wannan, tunkuza ce. Mafi yawan gubar can take tafiya idan an matse mai, watau cikin ƙuli-ƙulin da yaranmu ke gurgura a hanyar makaranta da abincin kajin da muke sayar wa masu kiwo. Amma sai ka ga mutum ya tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa da ƙwayar da ta yamutse, maimakon ya zubar, sai ya ce a niƙa a yi ƙuli-ƙuli da ita, wai ai wuta za ta ci. Malam, ka ji tsoron Allah! Abin da ba za ka bai wa ɗanka ba, don me kake ɗaura shi a leda kana miƙa wa ɗan wani?

Tun daga wancan karo ga yadda nake yi, ko da wasu abokan sana'a suna cewa na cika tsanani. Ina sayen gyaɗa da ɓawonta, domin ta fi jure ajiya, ina ɓarewa daidai abin da zan matsa a mako. In na girgiza ban ji ƙwaya tana kaɗawa a ciki ba, na wuce. In ɓararriya ce, hannu nake zurawa har tsakiyar buhu, ba bakin da mai kaya ya gyara ba, in ciza. Busasshiya tana fashewa ƙas, jar fatarta kuma tana saɓulewa da murza ɗaya. Masu na'urar awon danshi suna neman kashi 7 zuwa 8 cikin 100, kuma na'urar ba ta kai kuɗin buhu ɗaya da zai ruɓe ba. Shanya a kan tamfol, ajiya a buhun algarara, bisa katako, nesa da bango.

Kuskure na biyu lissafi ne, kuma shi ma ya ci ni shiru-shiru har tsawon shekara. Sabon shiga mai kawai yake ƙirgawa. Ƙwayar gyaɗa tana ɗauke da mai kashi 45 zuwa 50 cikin 100, amma ƙaramin inji ba ya fitar da shi duka. A kilo 100, in ka samu kilo 35 zuwa 40 na mai ka yi kyau, matsar hannu kuwa ba ta kai haka ba. Sauran, fiye da rabin abin da ka biya kuɗinsa, tunkuza ce. Sau da yawa kuɗin mai gyaɗar kawai yake mayarwa, ribar tana cikin tunkuza. Ni kuwa da can ina barinta a tule har ta fara wari, sannan in bayar a duk yadda aka taya. Yanzu ba na kunna inji sai na san wanda zai ɗauki tunkuzar ranar, ko matan da ke soya ƙuli-ƙuli ko mai haɗa abincin kaji. Sannan ku daina saye da mudu kuna sayarwa da jarka ba tare da sikeli a tsakani ba. Mudun wannan kasuwa daban da na waccan, kuma lita ɗaya ta man gyaɗa ba ta cika kilo ba, wajen giram 910 ce. Wanda bai san wannan ba, kullum lissafinsa yana nuna riba, aljihunsa yana ƙaryata shi.

Akwai kuma masu ganin ba ruwansu da gona. Kano ta taɓa yin dalar gyaɗa tun zamanin Alhassan Ɗantata, amma farin farkon shekarun 1970 da annobar kuturtar gyaɗa ta 1975, wadda ta cinye kimanin hekta 700,000, suka durƙusar da noman. In manomi ya daina shukawa, injinka ƙarfe ne kawai. Ni ina da manoma kaɗan da nake bai wa iri bashi da damina, SAMNUT 24 na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, mai saurin nuna da yawan mai, ga jure kuturta. Ina roƙonsu su riƙa juya gyaɗa da gero ko dawa, tunda gyaɗa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, su sa takin supa, mai hali ya watsa Aflasafe, maganin rage gubar nan da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar. Harawar tasu ce, ba na taɓawa. Wani lokaci ɗayansu yakan sayar wa wani a ɓoye, na sani, amma duk da haka gyaɗar da na san gonarta ta fi mini kwanciyar hankali.

Ƙananan kurakurai kuma ba sa ƙarewa. Ana sayen itace don suya alhali ɓawon gyaɗa yana tule a bayan shago, ga shi yana ci da kyau in an gyara murhu. Ana ƙona gyaɗa wajen suya, mai ya yi baƙi da ɗaci. Ana rufe jarka da mai yana da zafi, gumi ya koma ciki ya lalata shi. Ni sai ya kwana 2 ya kwanta, in tace da ƙyalle mai tsabta. Ana jera kwalabe a rana don masu wucewa su gani, rana kuwa ita ke jawo maƙaƙi. Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko baƙin mai, ko sau nawa aka wanke, ba ta shiga shagona. Algus da man waken suya kuma, mai ƙosai tana ganewa tun a kaskon farko, kuma ba za ta yi shiru ba.

In kana da niyyar manna takarda a kwalba ka kai manyan kantuna, fara da rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ka kuma san cewa dokar Najeriya ta wajabta ƙara sinadarin bitamin A a man girkin da ake sayarwa. Kada ka buga takardun kwalba sai lambar rajistar ta fito. Na san wanda ya buga tun kafin, har yau suna cikin kwali a ƙarƙashin teburinsa.