Yadda ake ɗaukar labarin tsohon da ya bar gida tun yana yaro

Kakata ta iso Sudan a ƙafa daga ƙasar Haɗeja tana 'yar shekara 7 ko 8, ita da iyayenta, da niyyar hajji. Uwar ta rasu a hanya, uban ya tsaya noman auduga a Jazira don ya tara guzuri, guzurin da har ya koma ga Allah bai cika ba. Mu a Gadarif aka haife mu. Sau uku ina ajiye waya a gabanta in ce, "Kaka, ki ba ni tarihinki," sau uku tana kora ta: "Wane tarihi gare ni, 'yar nan? Je ki wurin malamai."

Dabarar daga nesa ta zo mini. Ina koyar da Turanci a makarantar 'yan mata, garin neman abin da ɗalibai za su saurara na ci karo da hirarrakin wasu tsofaffin Yahudawa da aka fitar daga Jamus suna yara. Bayan daren 9 ga Nuwamba 1938, da 'yan Nazi suka ƙona wuraren ibadar Yahudawa suka farfasa shagunansu, Birtaniya ta yarda a shigo da yara 'yan ƙasa da shekara 17, amma ban da iyayensu, kuma sai an tsaya wa kowane yaro da fam 50. Ayarin farko, yara kusan 200, ya sauka a tashar ruwa ta Harwich ranar 2 ga Disamba 1938. Kafin yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a Satumba 1939 an kwashe wajen yara 10,000. Kindertransport ake ce wa abin, wato jigilar yara, kuma da yawansu rabuwarsu da iyayensu ke nan. Wata abokiyar aikina ta ce, "Ke kuwa duk duniya ki rasa wanda za ki saurara sai Yahudawa?" Na ce mata yarinyar da aka rataya wa lamba a wuya aka tura cikin jirgi ba ta san siyasar kowa ba, kuma yadda aka bi aka ciro maganar daga bakinta bayan ta tsufa, shi nake son koya.

Abu na farko, ka cire kalmar tarihi daga bakinka. Tsoho yana jin ta sai ya tuna sarakuna da yaƙe-yaƙe, ya ga shi ba kowa ba ne. Ka tambayi kaya. Yaran can akwati ɗaya aka yarda kowa ya ɗauka, da mak 10 na kuɗin Jamus, kuma bayan shekara 60 za ka ji tsohuwa tana lissafa abin da uwarta ta shirya mata a ciki ɗaya bayan ɗaya, har da sunanta da aka ɗinke a jikin riguna. Sai na koma na ce, "Kaka, me kika riƙo a hannu ranar da kuka fito?" Ta yi shiru, can ta ce ɗan ƙoƙo ne na shan fura, mai tsaga a baki, goggonta ta ɗinke tsagar da zare. Daga ƙoƙon nan muka bi har rijiyar gidansu, har jakin da ya kwanta ya ƙi tashi, sai da aka kira azahar.

Kada ka tambayi shekara, yaro ba ya tafiya da kalanda. Ka ce, da damina ne ko da rani? Kin yi famfara ko tukuna? Wa yake goye a lokacin? Daga nan kai ne za ka ƙiyasta daga baya. Kuma in ta rikita hanya, ƙyale ta. Kaka takan sa Abeshe kafin Fallomi (Njamena ta yau), alhali mai fitowa daga yamma sai ya wuce Fallomi zai kai Abeshe, sannan Jinaina, Fashir, Ubayyid. Ranar da na gyara mata, ta ce, "To ai kin fi ni sani," ta ja bakinta ta tsuke har kwana biyu. Gyaran ka rubuta shi a littafinka kai kaɗai.

Ka fara daga gida, tun kafin fitowa. Gidauniyar Shoah da mai shirya fina-finai Steven Spielberg ya kafa a 1994 ta ɗauki hirarraki wajen 52,000 cikin harsuna 32 da waɗanda suka ga kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi, kuma tsarinta shi ne a fara da rayuwar mutum kafin bala'i, a shiga bala'in, a fito zuwa abin da ya biyo baya, a ƙarshe a nuna hotuna, iyali su shigo. Taskar da ke Jami'ar Yale, wadda aikinta ya faro a 1979, ta fi sakar wa mai magana linzami, mai tambaya ya rage baki. Ni na haɗa biyun: tsarin yana cikin kaina, amma ita ke jan akala. Harshe ma haka. Kaka takan fara da Hausar Haɗeja, in ta shigo Jazira sai Larabci ya kwace, in ta koma kan uwarta Hausa ta dawo. Ban taɓa ce mata ta tsaya a ɗaya ba, domin inda harshen ya juya ma wani abu yake faɗa.

Wurin da ya fi wuya shi ne shiru. Yaran Kindertransport da yawa sai da aka yi taron cika shekara 50 a Landan a 1989 suka fara buɗe baki, saboda suna ganin wanda bai shiga sansanin kisa ba ba shi da bakin kuka. Kaka ma haka: "Wasu duk gidansu ya ƙare a hanya, ni me zan ce?" Da ta kai wurin da aka haƙa wa uwarta kabari a gindin wata aduwa, magana ta tsaya. A nan mai tambaya yakan ruɗe ya jefo wata tambaya don ya fid da kansa. Ka ce "Allah ya jiƙanta," ka yi gum, ka bar waya tana ɗauka. In ta ce a bari, a bari, gobe ma rana ce. Abin da ta faɗa bayan wannan shirun bai taɓa fita daga bakinta ba, ko babanmu bai san shi ba.

Sauran shirin ba wuya. Da hantsi ya fi, bayan ta karya, ta sha jabanarta, wato gahawa, tana kan angarib ɗinta, gadon igiya, a ƙarƙashin rakuba, wato rumfa. Ka kashe fanka, ka rufe layin waya don kada kira ya katse, ka ɗora ta a kan matashi kamar taƙi biyu daga bakinta. Ka fara da faɗin kwanan wata da gari da wanda ke magana. Sa'a ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta isa zama guda. Ka sallami yara, amma wanda ya fi yara ɓarna shi ne babban ɗa mai amsawa a madadin uwarsa. Baffana sai da na aike shi kasuwa da dabara. Tsohuwa kuma akwai abin da ba za ta faɗa a gaban namiji ba, ko da ita ta haife shi.

Ka nemi izini a fili, izinin ya shiga cikin naɗin. A nan Sudan maganar jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, ta daɗe tana sa tsofaffinmu tsoron cewa daga Najeriya aka zo da su. In ta ce kada wani yanki ya fita daga gida, kada ya hau WhatsApp ɗin dangi, komai daɗinsa.

Sai ajiya. Ɗan goggona ya yi zama 6 da kakansa, wayar ta salwanta a hanya lokacin da suka gudo daga garin Madani saboda yaƙi a Disamba 2023, tsohon kuma bai kai azumi ba. Ran da ka ɗauka, ran nan ka tura wa mutum biyu a garuruwa daban, ka kuma sa a memori. Takardu ma ka ɗauki hotonsu, ko katin allura ne na zamanin tafiya hajji. Littafin Nicholas Winton, wanda ya shirya fitar da yara 669 daga Prague, da sunayensu da hotunansu, yana jibge cikin tarkacen gidansa har 1988 kafin duniya ta ji labari.

Yaran da gudun yaƙi ya zubo mana a makarantun Gadarif tun 2023 kuwa, ban sa musu waya a gaba ba, ciwon ɗanye ne. Iyayensu mata na raba wa littattafan rubutu, na ce kowace ta rubuta ranar da suka fito, garuruwan da suka bi, da abin da yaron ya riƙo a hannu. Wata daga Sinja ta dawo mini da nata washegari, ta ce ɗanta marfin tukunya ya ɗauko, har yau da shi yake kwana.