Kurakuran da kamfanoni suka fi yi wajen ɗaukar injiniyan kompaila

Tun daga tallar aiki ake fara ɓata lamarin. Kamfani ya rubuta yana neman ƙwararren mai haɗa kompaila, ya jera harsunan shirye-shirye C++ da Rust da manhajojin kompaila LLVM, GCC da MLIR a layi guda, ya zauna jiran takardu. Alhali kompaila, wato manhajar da ke juya kod ɗin da mutum ya rubuta zuwa umarnin da firosesa ke aiwatarwa, sassa uku gare ta, kuma gwanin wannan ba lallai ya zama gwanin wancan ba. Sashen gaba shi ke karanta rubutun, ya gina bishiyar nahawu, ya tantance nau'in bayanai, ya fitar da saƙon kuskure. Na tsakiya yana aiki a kan IR, wato siffar wucin gadi da kompaila ke mayar da kod zuwa gare ta, galibi a tsarin SSA da ke sa wa kowane ma'aji ƙima sau ɗaya tak, inda ake zubar da kod ɗin da ba ya amfani, a gyara madaukai, wato sassan kod da ake maimaitawa, don su yi sauri. Na baya kuwa shi ke zaɓen umarni, ya raba rijistoci, wato ƙananan ma'ajiyoyin cikin firosesa, ya tsara jerin umarnin daidai da nau'in firosesa, x86, ARM ko RISC-V. Kamfanin da ya ƙera sabuwar firosesa mutumin sashen baya yake nema. Wanda yake ƙirƙirar sabon harshen shirye-shirye mutumin sashen gaba yake nema. Kafin a saki talla, a rubuta ayyuka uku da ake so sabon ma'aikaci ya gama a shekararsa ta farko. Su za su nuna sashen.

Kuskuren da ya fi tsada yana ɗakin ganawa. Ana yi wa mai nema tambayoyin da ake yi wa kowane mai rubuta manhaja, irin su jera lambobi a allo cikin rabin awa. Wannan ba ya nuna komai game da ainihin aikin. Yawancin ranakun injiniyan kompaila a farautar kuskure suke tafiya, don haka a nan ya kamata a gwada shi. A ba shi ɗan shiri na C wanda ke ba da amsa daidai a matakin -O0, inda kompaila ba ta gyara kod don sauri, amma ya ba da wata daban a -O2, inda take gyarawa, a ba shi awa ɗaya da rabi da kwamfuta mai kayan aiki, a zuba ido. Gogagge ba ya saurin ɗora wa kompaila laifi. Zai fara bincika ko shirin ne ya taka dokar harshen, misali lamba mai alama, wato mai iya zama ƙasa da sifili, ta zarce iyakarta, ko an karanta ma'ajin da ba a sa wa komai ba, ya tabbatar da hakan ta amfani da UBSan ko MSan, kayan gano irin waɗannan kurakurai. Idan shirin ya fita da tsabta, sai ya rage shi da C-Reduce ko llvm-reduce har ya koma layuka kaɗan, ya gano matakin gyaran da ya ɓata shi da -opt-bisect-limit, ya nemo canjin da ya haddasa da git bisect. Ko bai kai ƙarshe ba, yadda ya jera matakan ya isa shaida. A tambaye shi kuma gwajin da zai rubuta don kada kuskuren ya dawo. Wanda ya taɓa aiki a LLVM zai ambaci lit da FileCheck, kayan gwajinta, ba tare da an tuna masa ba.

Yana da kyau a taɓo gwaji da shirye-shiryen da inji ke ƙirƙira barkatai. Csmith, wanda aka gina a Jami'ar Utah, ya tono kurakurai sama da 325 a kompailolin C zuwa 2011, har da GCC da LLVM. Kuskuren kompaila shiru yake yi, ya shiga duk manhajar da aka gina da ita.

Wasu kamfanonin suna sa digirin digirgir sharaɗi, su kori mutanen da aikinsu ke fili kowa na iya dubawa. LLVM ta koma bitar canje-canje a GitHub a 2023. A buɗe canje-canje biyu ko uku da mai neman ya tura, a karanta yadda ya amsa wa masu bita da suka ƙi aikinsa. Ya kawo hujja da ma'auni, ko ya yi fushi? Takardar shaida ba ta nuna wannan.

Sai batun da ake mantawa har mai nema ya tambaya a rasa amsa: shin za a bar shi ya mayar da gyare-gyarensa ga asalin aikin, wato LLVM ko GCC ɗin da ke buɗe ga kowa? GCC tana ƙarƙashin lasisin GPL, LLVM kuma Apache 2.0, kuma abin da kowanne ya wajabta ya bambanta. Kamfanin da ya riƙe nasa reshen LLVM a rufe ya sani cewa sabon fitowar LLVM na zuwa duk wata shida, kuma haɗa reshen da shi aiki ne mai cin lokaci. Ɗora wa mutum ɗaya wannan nauyi tare da gina sabbin abubuwa hanya ce ta rasa shi da wuri.

Bayan an ɗauke shi, kada a auna shi da yawan layukan da ya rubuta. Gyara mai layi goma na iya cin mako uku na bincike. A tanadi inji mai cibiyoyin firosesa da yawa da RAM kamar gigabait 64, domin gina LLVM a ƙaramar kwamfuta yana cinye sa'o'i. A ware wani injin daban da ba a taɓawa sai don awon sauri, da SPEC CPU 2017, tarin shirye-shiryen awon saurin firosesa, ko ainihin manhajar kamfanin, a maimaita kowane awo sau da yawa kafin a yarda cewa ƙarin kashi biyu cikin ɗari na gaske ne.