Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa murfin bahon ruwan zafi a gida

A ƙasashe masu sanyi irin su Kanada, Amurka da Ingila, gidaje da yawa suna da katon bahon ruwan zafi a bayan gida, wanda mutane ke kira Jacuzzi saboda sunan kamfanin da ya shahara da shi. Ruwan yakan tsaya tsakanin digiri 37 zuwa 40 dare da rana, kuma murfi ne ke riƙe wannan zafin. Idan murfin ya lalace, hita ba za ta huta ba, kuɗin wuta kuma ya hau. Sabo yana da tsada, shi ya sa wasu ke cewa bari su haɗa da kansu. Ana iyawa. Amma yawancin waɗanda suka gwada, wuri ɗaya suke tuntuɓe.

Babban kuskure shi ne a ɗauka ruwan sama ne abokin gaba. Mutum zai sayi tamfol mai kauri ya lulluɓe sama da kyau, ƙasan kuwa ya bar soson da ke cikin murfin, wanda shi ke riƙe zafi, tsirara ko ya naɗe shi da leda sama-sama. Alhali ɓarnar daga ƙasa take zuwa. Tururi yana tashi ba dare ba rana, ɗauke da kulorin ko buromin, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka zuba a ruwan, yana neman 'yar kafa. Da ya samu, sai ya shige cikin soson ya koma ruwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka murfin da yaro ke ɗagawa a farko, bayan wani lokaci sai ƙarti biyu sun kama. Jiƙaƙƙen soso kuma ba ya riƙe zafi, ga warin fumfuna. Gyaran shi ne a naɗe kowane allon soso shi kaɗai da leda mai kauri, irin wadda magina ke shimfiɗawa kafin zuba kankare, ninki biyu in da hali. A haɗe bakinta da zafi ko da tef ɗin da aka yi don tare danshi, ba selotef na ofis ba. Kafin a sa shi cikin rigar da za ta lulluɓe murfin a bi shi da hannu da ido, musamman kusurwoyi, domin a nan leda ta fi hujewa. Huji ko da girman allura ne, a liƙe shi nan take.

Sai zaɓen soson kansa. Soson katifa ba shi da wuri a wannan aiki, ruwa yake sha kamar raƙumi. Abin da ake nema shi ne allo mai tauri na folistarin. Akwai fari mai ƙwayoyi, irin wanda ake tokare firji da shi a kwali, shi kamfanoni suka fi amfani da shi. Akwai kuma mai launin shuɗi ko ruwan hoda da ake sa wa a bangon gini, wanda ya fi jure danshi. Ni na fi karkata ga na biyun ga mai aikin gida, don yana yafe ƙananan kurakurai. A kiyayi gam kuma: solushon da duk wani gam mai warin fetur narkar da wannan soso yake yi, kana kallo rami zai buɗe. A duba jikin roba a tabbatar an rubuta cewa na soso ne.

Wani abin da ake mantawa shi ne gangara. Murfi shimfiɗaɗɗe yana tara ruwan sama a tsakiya, nauyin ya lanƙwasa shi, ramin ya ƙara zurfi, ruwa ya ƙara taruwa, har ya karye. Na kamfani yakan zo da kaurin inci 4 a tsakiya ya sirance zuwa inci 2 a gefe, a wuraren da dusar ƙanƙara ke da yawa kuma inci 5 zuwa 3 ko fiye. A yanka shi gida biyu, a tokare gefen tsakiya na kowanne da sandar alminiyon don kada ya lotsa. Kada a bar giɓi a mahaɗar, a ɗinka wani dogon matashi da zai toshe ta idan an rufe. Da safiyar sanyi a leƙa: duk inda aka ga tururi na fita, nan kuɗi ke zuba.

Masu son katako sukan ɗora falanki mai nauyi da ƙusoshin ƙarfe. Ƙarfen zai yi tsatsa ya ɗiga cikin ruwa, katakon da aka jiƙa da maganin gara kuma bai dace a saman ruwan da mutane ke shiga ba. In dole sai katako, a nemi katakon sida, wanda ke jure danshi, da sukurorin da ba sa tsatsa.

Awon bahon kuwa daga bakin waje zuwa bakin waje ake yi, a ƙara rabin inci, a kwafi lanƙwasar kusurwa a jikin kwali kafin a taɓa wuƙa. Rigar a ba mai ɗinkin kujeru ya yi da irin ledar da ake ɗinka kujerun jirgin ruwa da ita, ya sa zif, ya bar lebatu mai inci 4 ya sauko, ya kuma huda ƙananan kafofi a ƙasa don ruwan da ya shiga ya fita. Bayan an zuba magani a ruwan a bar bahon a buɗe kamar minti 20, in ba haka ba iskar maganin za ta cinye ƙasan rigar.

Maganar da ta fi damuna ita ce ta yara. Murfin da aka haɗa a gida yakan yi kama da wurin zama, yaro ya hau, soso ya karye, ko ya ɗaga gefe ya zame ciki murfin ya koma ya rufe. A Amurka akwai ƙa'idar ASTM F1346 da ake gwada murfin kariya da ita, kuma wanda aka haɗa a gida bai bi ta wannan gwajin ba, komai kyansa. A sa maɗauri mai kulle a kusurwa huɗu, wanda zai hana iska ɗauke shi ma. Idan akwai ƙananan yara a gidan ko a maƙwabta, a kewaye wurin da shinge mai ƙofa da kwaɗo, ko a haƙura a sayi murfin da aka gwada.