Masu jarabawar Faransanci da Jamusanci, ku sayi biro kala uku

Jama'a, duk mai ɗa ko ƙane da zai zauna Faransanci a WAEC, ko mai shirin jarabawar Jamusanci ta Goethe, ga dabara mai arha.

Kada yaro ya haddace sunan abu shi kaɗai. Ya haɗa shi da ɗan harafin jinsinsa da ke zuwa kafin suna (le na namiji da la na mace a Faransanci; der na namiji, die na mace da das a Jamusanci), ya rubuta da kala: shuɗi na namiji, ja na mace, baƙi na jinsi na uku da Jamusanci ke da shi. A zauren jarabawa, ko kalma ta ɓace masa, kalar tana dawowa ido.

Kunnen Bahaushe yana yaudara a nan. Mu rana mace ce, wata namiji. Faransanci ya juya su: le soleil, la lune. Jamusanci kuwa ya bi mu: die Sonne, der Mond. Kada ka yi tsammani da Hausa.

Ƙarin sauƙi: masu ƙarewa da -tion a Faransanci kusan duk mata ne, haka -ung, -heit da -keit a Jamusanci.

Inda dabarar ke cin tura: l'école da l'eau sun ɓoye jinsinsu, sai ka rubuta une école. A Jamusanci kuma der kan koma den ko dem a cikin jimla, wannan kala ba ta maganinsa.

Jarabawar baka ma sai da baki. Mu a Kebbi mun yi sa'a, ga 'yan Gaya da Dosso na Nijar a kasuwar Kamba. Ka sami wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko ta Faransanci, ku riƙa hira.