Kurakuran da iyalai suka fi yi a tafiyar karaban daga hamadar Ostiraliya zuwa gaɓar Queensland

A Ostiraliya abu ne da aka saba gani mutum ya jona wa motarsa ɗakin tafi-da-gidanka, wanda suke kira karaban, ya kwashi mata da yara su yi wata biyu ko uku suna zaga ƙasa. Ɗaya daga cikin hanyoyin da aka fi sha'awa ita ce a taso daga kudu, a bi babban titin Stuart ta Coober Pedy, a ratse zuwa Uluru, wani katafaren dutse a tsakiyar hamada, a nufi Alice Springs, a karya dama a mahaɗar Three Ways da ke gaba da Tennant Creek, a wuce Mount Isa, a faɗa bakin teku a Townsville, sannan a haura Cairns da dajin Daintree. Tafiyar ba ta fi ƙarfin iyali ba. Sai dai mafi yawan wahalar da ake sha a cikinta tun daga ƙofar gida ake ɗauko ta, kafin ma a tayar da mota.

Babban kuskure shi ne kaya. Maigida ya karanta a takardar mota cewa tana iya jan kilo 3,500, sai ya ɗauka magana ta ƙare. Alhali akwai iyaka har uku da doka ta sa ido a kai: nauyin karaban da kayansa, nauyin motar da duk abin da ke cikinta, da kuma jimillar su biyun. Iyaka ta biyu, wato ta nauyin motar, ita ce take kama mutane. A ce motarka an yarje mata ɗaukar kilo 900. Nauyin da karaban ke dannawa a kan mahaɗin baya, wanda aka fi so ya kai kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, a cikin lissafin mota yake shiga, ka ga kilo 250 ko 300 sun tafi. Zuba uba da uwa da yara uku, da ƙarfen kariya na gaba, da firji, da safaya taya ta biyu, da akwatin kayan gyara, da jarkokin ruwa waɗanda kowace lita kilo ɗaya ce cur. Kafin uwargida ta ɗora buhun shinkafa an riga an wuce iyaka. 'Yan sanda kan tsayar da masu karaban su auna su a hanya, kuma idan aka yi hatsari da kayan da suka wuce ƙima kamfanin inshora na iya zame jikinsa. Maganin ba shi da wuya. A loda komai kamar yau za a tafi, kowa ya shiga ya zauna a mazauninsa, a je sikelin auna motoci na jama'a a auna. Abin da ya yi yawa a sauke shi a gida, ko da kekunan yara ne.

Yadda aka jera kayan ma yana da nasa hukunci. Masu nauyi a ƙasa ake sa su, daidai saman tayoyin karaban. Wanda ya ɗaure janareta da jarkokin mai a can bayan karaban ya sauƙaƙa wa gaba nauyi, kuma da an kai gudun kilomita 90 ko 100 sai ya ji bayan mota ya fara kaɗawa, hagu, dama, kowane zuwa ya fi na baya faɗi. A nan ne ƙafa take gudu da kanta zuwa birki, kuma a nan ne ake kifewa. Abin yi shi ne a riƙe sitiyari a miƙe, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, a danna maɓallin birkin karaban da hannu, domin shi kaɗai ya ja baya ya miƙar da su duka. Duk wanda zai yi tuƙi a tafiyar, har da uwargida idan za ta karɓa, ya san inda maɓallin nan yake ba tare da ya duba ba. Kuma ko yara sun yi kukan duniya, babu wanda ake bari ya zauna cikin karaban yana tafiya. Doka ta hana, haka kuma duk yaron da bai kai shekara 7 ba dole a ɗaure shi a kujerar yara.

Sai kuskuren wata. Baƙo yakan ɗauki hutun ƙarshen shekara ya ce shi ne lokacin tafiya, ya manta cewa Disamba da Janairu a can tsakiyar zafi ne. A hamada zafi kan haura digiri 40, a arewa kuma damina ce daga Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin ambaliya da mahaukaciyar guguwar teku. A Disambar 2023 guguwar Jasper ta zubo ruwan da ya yanke hanyoyi a kewayen Cairns da Daintree. Lokacin da ya dace shi ne Mayu zuwa Satumba. Amma shi ma yana da nasa tarko guda biyu. A Yuni da Yuli daren Alice Springs kan sauka har digiri sifiri ko ƙasa da haka, wanda ya zo da 'yan riguna marasa nauyi saboda ya ji an ce hamada zai kwana yana karkarwa. Na biyu, lokacin ne tsofaffi 'yan fansho daga kudu suke kwararowa arewa da nasu karaban don gudun sanyi, ga hutun makaranta na tsakiyar shekara. Wuraren kwana a Yulara kusa da Uluru da na bakin tekun Cairns cika suke yi, don haka a kama wuri tun da sauran watanni.

Taswira ma tana yaudara. A waya Uluru kamar a bayan garin Alice Springs yake, alhali tsakaninsu kusan kilomita 450 ne. Daga Alice zuwa Darwin kusan 1,500 ne, wato ya fi Kano zuwa Legas nesa ba kusa ba. Wayar kuma da gudun ƙaramar mota take lissafi, a titin da wasu sassansa aka yarda a yi 130. Mai jan karaban da yara a baya, in ya yi kilomita 350 zuwa 400 a yini ya yi ƙoƙari. Wanda ya tsara 700 zai tarar da magariba a hanya, kuma da asuba da magariba ne kangaru ke fitowa. Kangaru ba ya tsallakawa ya wuce kamar akuya, tsayawa yake cikin hasken fitila sannan ya yi tsalle inda ba ka zata ba. Gonakin kiwo da yawa ba su da shinge, baƙar saniya na iya kwanciya kan kwalta don ɗumin da ta riƙe, ga kuma raƙuman daji, jikokin waɗanda Musulmi 'yan Afganistan da Indiya ta wancan zamani suka yi fatauci da su a ƙarni na 19. A ganina doka ɗaya ta wadatar: a tashi bayan rana ta fito sosai, a sauka kafin ƙarfe huɗu na yamma. In kuma dabba ta faɗo gabanka, taka birki a miƙe, kada ka murɗa sitiyari da tan biyu a bayanka.

Dogayen tirelolin hamada na da ban tsoro a ganin farko. Kai ɗaya ne ke jan bodi uku ko huɗu, tsawonsu kan kai mita 53.5. Kuskuren masu karaban shi ne da sun hango ta a madubi sai su rage gudu farat ɗaya, ko su sauke taya ɗaya kan tsakuwa, alhali direban ya riga ya auna tazararsa. Ka riƙe gudunka har sai ta fito ta jera da kai, sannan ka sassauta ta wuce, ka kuma shirya wa iskar da za ta tunkuɗe ka sannan ta janyo ka. Ƙaramin rediyon oba-oba na UHF yana sauƙaƙa wannan: direbobin manyan motoci suna tasha ta 40, masu karaban sun fi zama a ta 18. Ka kira shi ka ce ka gan shi, ya wuce in ya shirya. Wuce ta kuwa, in ba ka hango fiye da kilomita ɗaya fayau ba babu mai zuwa, ka haƙura ka bi bayanta.

Batun mai a taƙaice yake. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 tana iya kai wa 16 ko 18 da karaban, musamman in iska na fuskantar ka, kuma a filin Barkly iskar ba ta wasa. Tsakanin Barkly Homestead da Camooweal kusan kilomita 260 ne babu gidan mai. Mutane kan wuce gidan mai don tsadarsa suna fatan na gaba zai fi araha. Kada ka yi. Da tanki ya kai rabi, cika.

Wayar hannu kuma ba abin dogaro ba ce. Kamfanin waya na Telstra ya fi kowa sabis a karkara, amma shi ma yakan ɗauke na sa'o'i tsakanin garuruwa. A sauke taswira a waya tun a gari, a riƙe ta takarda, a yi hayar wayar tauraron ɗan'adam ko a sayi 'yar na'urar neman agaji da ake yi wa rajista. Lambar gaggawa 000 ce. Akwai likitoci masu zuwa da jirgin sama, ƙungiyar da aka kafa a Cloncurry a 1928, garin da za ku ratsa bayan Mount Isa, amma sai an iya kiran su. In mota ta mutu, kowa ya zauna wurinta. Daga sama mota ake hangowa, ba mutum mai tafiya a ƙasa ba, kuma inuwa da ruwa suna wurin motar. A ware ruwan sha na kwana biyu ko uku a jarkoki daban, domin dutse ɗaya na iya fasa bututun tankin karaban ya tsiyaye ba ka sani ba.

Wanda ya yi hayar mota ko karaban ya karanta takardar yarjejeniya da kyau, domin da yawa sun hana hawa hanyar burji, kuma inshora ba ta biyan abin da ya lalace a can. Gargadar hanyoyin nan tana kwance kusoshi, ta buɗe ƙofar firji, ka tsaya ka tarar da ƙwai da madara da jar ƙura sun haɗu a ƙasa. In dole ne a bi, a rage iskar taya, a rage gudu, a mayar da iskar da an hau kwalta. Wasu hanyoyin kuma cikin ƙasar Aborijin, 'yan asalin ƙasar, suke ratsawa, sai da takardar izini. A Uluru an hana hawa dutsen tun Oktoban 2019, kuma akwai sassan da alluna suka nuna ba a ɗaukar hotonsu. A bi, ƙasarsu ce.

Ga iyalin Musulmi, nama na halal a manyan garuruwa za a nema a cika firji, a ƙananan tashoshin hanya kuwa kifin gwangwani da ƙwai ne za su rufa asiri. Alƙibla daga can yamma ce ta ɗan karkata arewa, wanda ya saba kallon gabas ya duba kamfas kafin ya shimfiɗa darduma. Wajen sayayyar kuma a tuna cewa ba a shiga jihar Ostiraliya ta Kudu ko ta Yamma da ɗanyun 'ya'yan itatuwa da kayan lambu daga wata jiha, akwai shingen bincike da tara.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro a bakin teku yake. Bayan makonni cikin ƙura, yara sun hango shuɗin ruwa da farin yashi da itatuwan kwakwa, babu kowa a wurin, sai iyaye su ce ku je ku yi wanka. Rashin kowa a wurin shi ne gargaɗin. Daga kogin Boyne kusa da Gladstone zuwa arewa duk ƙasar kada ce, kuma kadan ruwan gishiri, wanda kan haura mita 5, ba a teku kaɗai yake ba, yana shiga koguna da tafkuna masu ruwan daɗi can nesa da gaɓa. Yana iya kwanciya a ruwan da bai kai gwiwa ba, ba ka ganin komai sai ganye. Hukumomin Queensland sun ce a tsaya aƙalla mita 5 daga bakin ruwa, a kafa zango aƙalla mita 50 nesa da shi. Kada a aiki yaro ɗebo ruwa a kogi, kada a yi alwala ko wanke-wanke a bakinsa, kada a zubar da kayan cikin kifi kusa da inda aka kwana, domin kada na lura da wanda ke zuwa wuri ɗaya kullum. Rashin allon gargaɗi ba izini ba ne.

Daga Nuwamba zuwa Mayu kuma akwai jelifish, wata halitta mai kama da farar leda da dogayen zaruruwa masu dafi. Babbar tana iya tsayar da zuciyar yaro cikin mintuna, ƙaramar da ake kira Irukandji ba ta wuce farce ba, har ragar da ake shingewa a bakin teku tana iya ratsawa. A yi wanka tsakanin tutoci masu ja da ruwan ɗorawa inda masu ceto suke, a sa wa yara rigar nan mai rufe jiki duka. In ta harbi wani, kada a murza, kada a zuba ruwan famfo. A kwarara ruwan khal na aƙalla daƙiƙa 30, ana ajiye kwalabensa a bakin tekun da yawa, a kira 000. Wanda yake son kwanciyar hankali ya kai yara tafkin wanka na kyauta da aka gina a bakin garin Cairns.

Daga nan hanyoyin sukan ƙuntata. Titin Gillies da ke hawa tudun Atherton yana da kwana 263 cikin kilomita 19, a sauko shi da ƙaramar giya, in ba haka ba birki zai yi zafi ya daina kamawa. Duk inda ruwa ya rufe hanya, ko da rani ne, a juya, domin ba ka san ko kwaltar na nan a ƙarƙashi ba. Kogin Daintree da jirgin fito ake tsallake shi, hanyar Cape Tribulation kuma siririya ce mai kwana-kwana, kasowari, wani babban tsuntsu mai kama da jimina, na tsallakawa da 'ya'yansa. Bayan nan sai hanyar Bloomfield mai gangara da rafuka, wadda ba ta karaban ba ce sam. Mai son zuwa Cooktown ya bar karaban a wurin kwana ya bi ta da mota mai jan ƙafa huɗu, ko kuma ya koma ya zagaya ta titin Mulligan, wanda kwalta ne har cikin gari.